An yi wa injin fotokwafi mai kala sabis, sai ga lamba a allo: tambayoyi da amsoshi

Sana'ata gyaran injin fotokwafi, kuma yawancin zirga-zirgata ba a cikin birnin Kano take ba. Tsakanin Wudil, Gaya, Jahun da Ringim nake yawo da jakar kayan aiki a bayan babur. Shagunan da nake leƙawa irin na bakin tasha ne da na gefen sakatariyar ƙaramar hukuma, inda inji ɗaya yake riƙe da gida guda. Kiran da ya fi yawa a wayata ba na injin da ya lalace da kansa ba ne. Na wanda aka yi wa sabis jiya ne, yau da safe aka kunna ya kafe da wata lamba a allo, ga mutane a tsaye da takardunsu a hannu. Tambayoyin nan na gaji da amsa su a waya ina tsaye a gefen titi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Injiniya, kafin a taɓa shi lafiya lau yake aiki. Me ya sa sai bayan sabis ya fara nuna lamba?

Saboda an taɓa shi ɗin. Ba baƙar magana na yi maka ba. Injin baƙi da fari diram ɗaya gare shi, wato gangar da hoton yake fara zama a kai kafin ya hau takarda, da tona ɗaya, wato garin tawada. Mai kala kuwa komai nasa huɗu-huɗu ne: diram huɗu, difelofa huɗu masu ɗora tona a kan diram, tona huɗu, wato C shuɗi, M ja mai sirkin hoda, Y ruwan ɗorawa, K baƙi. Ga bel ɗin da dukkansu suke sauke kalarsu a kai kafin ta hau takarda, ga fiyuza, wadda wasu ke kira hita, mai gasa tonar ta manne. Sabis na gaskiya sai an zaro yawancin waɗannan an mayar. Kowanne da soket ɗinsa, da maƙalinsa, da sansar da take shaida wa injin cewa ya zauna daram. Ɗaya ya kauce ko da kaurin farce ne, injin ba zai yarda ya tashi ba.

To in lamba ta fito bayan sabis, inda hannu ya shiga jiya nan ake fara dubawa. Ba bod ba, wato katin lantarkin da ke sarrafa injin. Na sha ganin an ɗora wa bod laifi, an tashi mutum takanas zuwa Kano nemansa, alhali wata 'yar waya ce ba a tura ta har ƙarshe ba. Wani lokacin kuma sabis bai ɓata komai ba, asiri kawai ya tona. Kayan sun riga sun gaji tuntuni, datti ne ya riƙe su, ana sharewa rauninsu ya fito fili.

Lambar nan me take nufi? Ni dai haruffa da alƙaluma nake gani.

Kowane kamfani da yarensa. Ricoh yana fara nasa da SC, sai alƙaluma uku, kuma alƙalamin farko ya isa ya nuna maka unguwar da matsalar take. 1 sikana ce, wato gilashin sama da fitilarsa. 2 leza, hasken da ke zana hoton a kan diram. 3 da 4 wajen diram, difelofa da bel. 5 hanyar takarda da fiyuza. 6 magana ce ta yanke tsakanin bod da bod. 7 kayan da aka jona wa injin daga waje. 8 da 9 ƙwaƙwalwar injin da manhajarsa.

Canon da E yake farawa, alƙaluma uku, sannan wasu huɗu bayan karan ɗori. Konica Minolta, masu bizhub, C ne da alƙaluma huɗu, haka ma Kyocera. Sharp harafi ne da alƙalami: H na fiyuza, F2 na tona da difelofa, L1 da L3 na sikana.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, ka karanto lambar duka, har abin da ke bayan karan ɗorin, domin sau da yawa shi ne yake faɗin wace kala ce cikin huɗun take kuka. "Ya nuna SC da wani abu" ba ya kai ni ko'ina. Na biyu, kada ka ɗauki fassarar lamba daga wani samfurin ka ɗora wa naka. Kamfani ɗaya ma yakan sauya ma'anar lamba daga samfuri zuwa samfuri. Kundin gyara na ainihin injinka shi ne alƙali.

Me zan iya yi da kaina kafin in kira mai gyara?

Ɗauki hoton allon da wayarka tun kafin ka taɓa komai. Sannan ka kashe shi yadda ya kamata: maɓallin da ke kan allo tukuna, ka jira fitilu su daina ƙiftawa, fanka ta yi shiru, sai babban makunnin da ke gefe ko cikin ƙofar gaba. Zare filogi, ka ba shi kamar minti biyu.

Yana kashe, buɗe ƙofar gaba. Zaro kwalaben tona ɗaya bayan ɗaya ka mayar, ka ji kowacce ta ce ƙas. Duba akwatin sharar tona ko ya zauna. Duba hannayen kulle, waɗannan masu launin kore ko shuɗi, ko akwai wanda aka bari a tsakiya. Buɗe ƙofar gefe ka leƙa ko akwai guntuwar takarda, ka rufe ta da hannu biyu, gaba da baya a tare, domin ƙofar nan tana iya kamawa ta ɓangare ɗaya ta bar ɗayan. Ja kowane tire ka mayar. Kunna.

In ya tashi, alhamdu lillahi, amma kada ka goge hoton. In lambar ta dawo, sau ɗaya za ka ƙara gwadawa, daga nan ka tsaya. In kuwa ka ji warin ƙuna, ko ƙarar giya tana taunar 'yar'uwarta, ko gwajin farko kada ka yi. Zare filogi kawai.

Na kashe na kunna ya fi sau goma, lambar ba ta ko motsa ba. Injin ya mutu ke nan?

Bai mutu ba. Mai yiwuwa lambar fiyuza ce, su kuma da gangan aka yi su da taurin kai.

Fiyuza tana aiki ne da zafin da ya kai digiri 150 ko ya haura. Akwai 'yar na'ura mai auna zafin, tamista, a jikin rola, akwai kuma tamostat wanda yake yanke wuta in zafi ya wuce gona da iri. In injin ya ga zafi bai tashi a kan lokaci ba, ko ya zarce, sai ya rubuta laifin a ƙwaƙwalwarsa ya kulle kansa, kashewa da kunnawa ba sa goge shi. Dalili shi ne kada a yi ta kunna hitar da ta lalace har ta kama da wuta. A Ricoh irin su SC542, zafi bai kai ba, da SC543 da SC544, zafi ya yi yawa, ana goge su ne a SP5-810, wani ɗaki cikin saitin masu gyara. A Canon E000 zuwa E003 ne. A Sharp H3 zafi ya wuce, H4 bai kai ba, H5 takarda ta maƙale a jere sau biyar, kuma simileshan 14, irin wannan ɗakin a injinansu, shi ne yake sakinsu. Kyocera C6000 ne da danginsa, U163 yake kwance su.

Bayan sabis, abin da ya fi jawo su shi ne ba a tura fiyuzar ta shiga soket ɗinta sosai ba, ko an lanƙwasa tamista garin goge rola ta daina taɓa ta yadda ya kamata, ko an sa fiyuzar da ba ta wutar injin ba ce. Wannan na ƙarshen zan dawo kansa.

Ga abin da nake so ka riƙe: goge lamba ba gyara ba ne. Buɗe ƙofa ne don a sake gwadawa. Wata rana aka kira ni wani shago ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, mai shagon yana ta faɗa a waya. Ina buɗe ƙofar gefe warin ƙonanniyar roba ya doki hancina. Rolar ta yi baƙi ta tattare kamar gandar da aka manta a wuta. Da na kwance, sai na tarar wanda ya zo kafin ni ya ga tamostat ya yanke, maimakon ya nemi abin da ya sa ya yanke, sai ya ɗaure shi da guntuwar wayar wuta ya goge lambar ya karɓi kuɗinsa. Asalin matsalar kuwa tamista ce da busasshiyar tona ta lulluɓe, tana shaida wa injin cewa da sauran sanyi alhali rola tana ci. Abin da tsumma zai yi maganinsa ya koma sayen fiyuza sukutum. Shagon cike yake da takarda har rufi, ga jarkar fetur ta janareto a bayan ƙofa. Allah ne ya tsare. Duk mai gyaran da ka ga yana ɗaure tamostat da waya, sallame shi, ko ɗan'uwanka ne.

To ka ba ni lambobin shiga wurin masu gyara mana, in dinga gogewa da kaina. Ai ka san nisan da ke tsakaninmu.

Na san nisan, ni nake hawa babur ɗin. Ba rowa nake yi ba, lambobin ma suna yawo a intanet. Amma ɗakin da ake goge lambar fiyuza, a nan maƙwabtansa ake goge saitin injin gaba ɗaya, da na leza, da na jeren kala, waɗanda aka daidaita tun daga masana'anta. Yaron shago ya danna wanda ba shi ba, garin gyaran gira a rasa ido. In na duba hotuna na gamsu cewa wuta ce kawai ta yi ƙasa ta jawo lambar, nakan bi da mai shago mataki-mataki muna kan waya, sau ɗaya. Ta dawo, sai na zo.

An canza min difelofa da diram, washegari ya fara nuna lambar tona, ga kuma kwalaben a cike.

Wannan ita ce tambayar da ta fi rikita mutane, domin suna ganin tona da idonsu injin kuma yana cewa babu.

Injin ba kwalba yake kallo ba. Difelofa wani gari ne mai nauyi kamar yashi mai laushi, maganaɗisu yana kama shi, kuma a cikinsa tona take gauraya kafin ta hau diram. A ƙasan kowace rumbun difelofa akwai sansa mai auna yawan tonar da ke cikin garin. Ta yi kaɗan, injin ya ƙaro daga kwalba. Ya ƙara bai ga canji ba, sai ya tsaya ya yi ƙara. A bizhub lambobin a jere suke bibbiyu: C2551 shuɗi ya yi kaɗan, C2552 ya yi yawa, C2553 da C2554 na ja, C2555 da C2556 na ɗorawa, C2557 da C2558 na baƙi. A Canon E020 ce. A Sharp cikin dangin F2 suke.

Sabuwar difelofa takan zo da gaurin da ya dace daga masana'anta, kuma dole injin ya fara ɗanɗana ta ya riƙe wannan a matsayin ma'auni kafin ya zuba mata ko ƙwayar tona. A Sharp simileshan 25-2 ne yake wannan aiki, sauran ma kowa da nasa. In mai gyara ya zuba sabon gari ya rufe ƙofa ya bar injin ya juya da tsohon ma'auni, to da mudun da ba daidai ba injin zai ci gaba da awo. Ranar farko bugu zai fito tas. Kwana ɗaya ko biyu, ko dai ya yi fari-fari, ko tona ta fara zuba a cikin injin, sai lamba.

Kafin a kai ga wannan, a duba masu sauƙin. Sabon kaya yana zuwa da tef na hatimi wanda ake zarewa. Ni da kaina na taɓa barin guda a jikin ta ɗorawa. Magariba ta kawo jiki, ina sauri in kama hanya, na gwada takardar rubutu baƙi zalla ta fito lafiya, na tafi. Washegari da hantsi mai shagon ya kira: "Injiniya, katin ɗaurin auren mutane na sa, ganyen da ke jiki ya fito shuɗi, yanzu kuma ya tsaya cak." Na komo tun daga Gaya don in ja tef ɗin da bai fi tsawon hannu ba. Ban karɓi ko kuɗin mai ba, da wane ido? Ban da tef, akwai kwalbar da ta daɗe a shago mai rufin kwano, zafin bazara ya dunƙule tonar ciki. Girgiza ta a kwance sau da yawa kafin a sa. Akwai kuma bakin kwalba da bai buɗe ba, da wayar motar da ke tura tona in an manta ba a mayar ba.

Tonar zubi da nake saya a leda, tana da hannu a ciki?

Tana iya yi. Ba zan ce kowa ya sayi ta kamfani ba, na san abin da ake caji a kan shafi ɗaya a ƙauye. Amma kowace tona da irin cajin da take ɗauka da zafin da take narkewa a kai. Wadda ba ta dace da difelofarka ba ba za ta kama garin ba, sai ta yi ta tashi kamar ƙura tana rufe sansa. Wadda take son zafi fiye da na fiyuzarka za ka ga tana gogewa da yatsa. In ka samu wadda injinka ya karɓa, zauna a kanta, kada ka canza don an rage maka 'yan kuɗi. Ranar da aka sa sabuwar difelofa kuwa ita ce rana mafi muni ta gwada sabuwar tona, domin in matsala ta taso ba wanda zai san daga ina take.

Injin ba ya tsayawa, amma rubutu yana fitowa da inuwar ja ko shuɗi a gefe, wani lokaci da 'yar alama a kusurwar allo.

Kalolin ba su hau kan juna daidai ba. Injin yakan zana wasu 'yan layuka a kan bel, wasu idanu biyu ko uku da ke kusa da bel ɗin su karanta, da haka yake jera kala huɗun. In ƙura ta rufe idanun, ko bel ya sami zanen yatsa ko ƙarce a inda suke kallo, sai jeri ya ɓaci. A bizhub gargaɗin yakan zo da P, kamar P-21 da P-22 na jeren kala, da P-5 na idon kansa. Goge idanun da tsumma mai laushi, a goge gilasan leza da sandar da ke maƙale a cikin ƙofar gaba in injinka yana da ita, sannan a sa injin ya sake daidaita kala daga allon saiti. Wannan mai shago ma zai iya.

Wanda ba naka ba ne shi ne in an canza reza mai share bel. Sabuwar reza roba ce busasshiya, in aka ɗora ta a kan bel ba a barbaɗa mata 'yar tona ta yi santsi ba, tana iya kifewa ta riƙe bel ɗin gam. Motar ta ja ta kasa, lamba ta fito, a Ricoh irin SC441. In ka ji wani gurnani mai nauyi daga tsakiyar injin kafin lambar, kada ka sake kunnawa, bel yana yagewa.

Na ga wasu suna busa cikin injin da bulowa. Laifi ne?

A wajen hanyar takarda da matatun iska bayan an ciro su waje, ba laifi. A cikin injin kala, ƙurar da ke zaune a inda ba ta cutar da kowa kake ɗauka ka kai ta kan madubin leza da idanun bel da wuraren da babbar wuta take bi. Lambobi da yawa na bayan sabis 'ya'yan bulowa ne. Tona kuma in ta zuba a riga ko hannu, ruwan sanyi ake sa mata, na zafi narkar da ita yake yi.

Da wutar NEPA lafiya lau, ina tayar da janareto sai lamba. Me ya haɗa sabis da wannan?

Sau da yawa babu abin da ya haɗa su sai lokaci. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Injin kala mai ɗaukar A3 yakan ja wat 1,500 ko fiye a lokacin da fiyuza take ɗumama, duba farantin da ke bayansa za ka ga nasa. Ƙaramin janareton nan da bai kai wat 1,000 ba ko kusa ba zai iya ba. Matsakaici ma, in ga firji ga fanka ga injin laminatin a kansa, za ka ji muryarsa ta faɗi duk lokacin da hita ta kama. A wannan faɗuwar zafi yake kasa kaiwa a kan lokaci, injin ya kulle da lambar fiyuza alhali fiyuzar lafiyarta ƙalau. Ricoh yana da lamba ta musamman, SC547, wadda take fitowa in bai gane bugun wutar da ke shigo masa ba. Janareton da gudunsa yake hawa da sauka yana jawo ta, haka infatar da wutarta ba mai santsi ba ce.

Masu sola su kula da wannan. Infata ta zama mai tsabtatacciyar wuta, kuma ƙarfinta ya ninka abin da ke rubuce a farantin, don hita fizga take yi ba ja a hankali ba. Ƙaramin UPS na kwamfuta kada a jona masa fotokwafi sam. A ra'ayina janareto kada ya gaza kVA 3.5 in injin kaɗai zai ɗauka, sitabilaiza kuma mai ƙarfin VA 5,000, waya mai kauri kai tsaye daga bango, ba 'yar siririyar nan ta caja da ake jona abu shida a kai ba. Taɓa filogin bayan awa ɗaya ana aiki, in da zafi akwai magana.

Kuma a kashe injin kafin a juya wuta daga layi zuwa janareto ko a kashe janareton. Yanke masa wuta yana tsakar rubutu a had dis ɗinsa, wato ma'ajiyar bayanansa, yana lalata dis ɗin, a Canon abin da ke kawo E602 ke nan.

Sai maganar da na ce zan dawo kanta. Yawancin injinanmu na hannu ne, 'yan Kwatano. Na Turai bolt 220 zuwa 240 ne, na Amurka 120, na Japan 100, waɗannan biyun da tiransifoma ake amfani da su. Fiyuzarsu a ido iri ɗaya ce, ramin shigarta ɗaya, hitar ciki ce ta bambanta. Ta 230 a injin 120 ba za ta yi zafi ba. Ta 120 a injin 230 ƙonewa za ta yi.

Na ɗauki injin na kai gari aka gyara, a can na ga yana aiki da idona. Muna sauke shi a shago ya nuna lamba.

Hanya ce. Injin da aka kwantar ko aka karkata a bayan a-kori-kura, garin difelofa yakan taru a gefe ɗaya ko ya zube, sharar tona ta koma inda ba nata ba. Gargada kuma tana sassauta soket, tana gusar da keken fitilar sikana daga mazauninsa, sai ka ga SC120 ko SC121 a Ricoh, E202 a Canon, L1 ko L3 a Sharp. A tsaye ake ɗaukar injin kala, a ɗaure, an cire kwalaben tona da akwatin shara. Kuɗin motar mai gyara ya zo ya same ka kusan kullum ya fi wannan sauƙi.

Yanayi yana da tasiri, ko dai camfi ne?

Yana da shi. Galibin injinan nan an yi su ne don ɗakin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 32. Mu kuwa a watan Afrilu ana haura 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano. Matsar da shi daga bango kamar taki ɗaya fankokinsa su sami iska. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a rufe shi da zane in an tashi, bayan ya huce. Da damina takarda ce take shan danshi ta yi ta maƙalewa, rim ɗin da aka buɗe a mayar da ragowarsa cikin ledarsa. Ga kuma baƙi marasa sallama. Na ciro tsaka a soye daga kan bod ɗin wuta, na ga wayoyin da ɓera ya ci a bayan tire na ƙasa. In mai gyara ya bar murfin baya a buɗe don sukurori biyu sun ɓata, ya buɗe musu ƙofa ke nan.

An canza kayan amma har yanzu yana cewa lokacin canza su ya yi.

Wannan ba lambar matsala ba ce, ƙidaya ce ba a mayar sifili ba. Wasu kayan suna da cif ko ɗan fis da ke sanar da injin cewa sabo ne, wasu sai mai gyara ya shiga ya goge da hannu. A goge na abin da aka canza kawai. Goge ƙidayar diram ɗin da ba a canza ba yaudarar injin ne, don da ƙidayar yake lissafa irin wutar da zai ba shi.

Ana tsakar rajistar JAMB, ga layi har waje. Ba yadda za a yi in ci gaba da baƙi da fari?

Ya danganta. In tonar kala ɗaya ce ta ƙare, injina da yawa suna barin ka ci gaba da baƙi na ɗan lokaci. In laifin na wani tire ne ko na'urar jan takarda ta sama, wasu suna yarda a ware wannan ɓangaren a yi aiki da sauran. Fiyuza, bel da leza kuwa kowace takarda ta kansu take bi, babu hanyar kewaye.

Wa zai biya, ni ko wanda ya yi sabis ɗin?

In abin da ya taɓa ne bai zauna ba, ko ya manta saiti, nasa ne, kuma mai gyaran kirki ba ya jira a yi masa gori. In wani ɓangare ne daban ya cika, ko wutarka ce, naka ne. Rigimar takan taso ne don ba wanda ya san halin da injin yake kafin a buɗe shi. Shi ya sa kafin ya sa hannu ku buga shafin gwaji mai kala da takardar ƙidaya, ku ajiye. Ya gama, kada ka bar shi ya hau babur sai an buga shafi ashirin ko talatin, mai kala da baƙi, gaba da baya, daga kowane tire, an kashe an kunna, kuma a kan wutar da kake aiki da ita kullum, ba wadda aka yi sa'a aka kawo a ranar ba. Sa yaro ya kawo masa shayi ya zauna. Tsofaffin kayan da aka cire naka ne, ka karɓa.

An ce sai na shiga Kano na sayo kayan. Me zan riƙe?

Tsohon kayan da kansa, hoton farantin bayan injin inda sunan samfuri da bolt suke, da hoton lambar. A wajen titin Beirut da Sabon Gari za ka ji ana cewa "duk ɗaya ne, zai shiga". Shiga daban, aiki daban. Ɗora tsohon kusa da sabon ka gwada soket da soket, ka karanta bolt ɗin da ke jikin fiyuza da idonka, ka kuma yi magana a kan dawowa da shi in bai yi ba tun kafin ka biya. In diram ne, kada a buɗe maka shi a rana don ka gani, haske yana kashe shi, kada kuma yatsa ya taɓa jikinsa. A naɗe shi a baƙar leda. Rumbun difelofa a kwance ake riƙe shi, a kan cinyarka, ba a but ɗin mota ƙarƙashin buhun wani ba.